Motar da Ta Yi Ƙyanda

A ƙarshen layin makanikai akwai wani shago mai shuɗiyar ƙofa, kuma mutum uku ne ke cikinsa. Akwai maigidan, wanda kowa ke kira Mai Leda, saboda sana'arsa ita ce liƙa wa abin hawa leda mai launi har ta kwanta kamar fenti. Akwai matarsa, wadda ke zana hotuna a kwamfuta ta yanka su da na'ura. Sai 'yarsu mai shekara bakwai da ake ce wa Manaja, domin in ta taso daga makaranta takan hau kujera ta riƙa nuna wa kowa inda ya karkace.

Kayan aiki suna da su, iyawa ma suna da ita. Abin da suka rasa shi ne babban aiki. Babura ake kawo musu, da ƙofar firji, da allon shago. Ba wanda ya taɓa yarda ya bar musu mota sukutum.

Sai ga wata tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya. Ta sayi farar bas, tsohuwa amma lafiyayya, tana so ta cika ta da littattafai ta riƙa kai wa yaran unguwannin da ba su da laburare. Ta ce a sa mata kore a ƙasa kamar ciyawa, shuɗi a sama, a tsakiya kuma hoton yara suna karatu. Ta miƙa makulli ta ce, "Ɗana, ga amana." Mai Leda ya yini ranar Asabar yana wanke bas ɗin, ya kulle shago da niyyar fara liƙi ranar Litinin, tunda ran Lahadi duk layin a rufe yake.

Litinin da safe ya buɗe ƙofa. Ba bas.

Kafin hantsi Sufeton 'yan sanda ya iso da Kofur ɗinsa. Sufeto mutum ne mai tafiya a hankali da magana a hankali, Kofur kuwa kullum kamar ana jiransa a wani wuri. Mutanen layi sun taru a bakin ƙofa suna ƙus-ƙus. Malama na zaune a kan benci, jakarta a cinya.

Sufeto ya fara duba kwaɗon ƙofa. Ba a fasa shi ba.

"Ban da bas, me kuma ya ɓace?"

"Naɗin koriyar leda guda, Yallaɓai," in ji Mai Leda. "Da bindigata."

Kofur ya yi tsalle ya dafe ƙugu. "Bindiga? Kana da lasisi?"

"Ta zafi ce, Kofur," matar ta ce, tana danne dariya. "Iska mai zafi take hurawa. Ko ƙuda ba ta kashewa."

"Tana gasa masara dai," Manaja, wadda yau ba ta samu zuwa makaranta ba, ta ce daga kan kujerarta. "Baba ya hana."

Sufeto ya yi murmushi. "Makullin motar fa?"

"A kan ƙusar can yake. Takardunta kuma suna cikinta."

"Wa ke da makullin shagon?"

"Ni kaɗai."

Kofur ya matso kusa da kunnen Sufeto, amma muryarsa ba ta san raɗa ba. "Yallaɓai, ba a fasa ƙofa ba, makulli na hannunsa, kuma sana'arsa sauya wa mota launi. Mu tafi da shi ofis kawai."

Kowa ya ji. Mai Leda ya sunkuyar da kai. Ya san in aka fita da shi ta tsakiyar layin nan, ko gobe aka sake shi, ba mai sake kawo masa ko keke.

"Ba kai kaɗai ba ne, Baban Manaja," matar ta ce. "Ka manta wanda ka ba maƙwabci ajiya lokacin da ka kwanta asibiti?"

"Mai Fenti? Haba. Shi ya kai ni asibitin ma."

Sufeto ya zaga shagon yana kallon teburi. Sa'an nan ya cire hularsa ya ajiye.

"Malam, ni ban san aikin nan ba. Koya mini. Yi kamar yau na zo neman aiki."

Mai Leda ya yi mamaki, amma ya janyo wata tsohuwar ƙofar mota da yake gwaji a kanta. Da hannunsa ya taɓa aiki, sai muryarsa ta dawo daidai.

"Farko wanki da sabulu. Bayan ta bushe, sai ka goge da ruwan kwalbar nan, shi ke cire maiƙo. Ka yi ta gogewa har in ka ja yatsa ka ji ƙarfen yana ƙara." Ya ja yatsa, ƙofar ta yi ƙii. "To, yanzu ta yarda."

Ya yanko leda, ya ɗora, ya riƙe ta da maganaɗisu biyu. Ya ɓare farar takardar da ke bayanta, mai santsi kamar an shafa mata mai. Sai ya ɗauko wani ɗan faifan roba mai bakin ƙyalle.

"Wannan shi ne magogi. Daga tsakiya kake farawa, kana kora iska zuwa gefe, layi bisa layi. Inda ƙarfe ya lanƙwasa, nan bindiga ke shigowa, ka ɗumama ledar ta yi laushi ta bi lanƙwasar. In ka cika zafi ta ƙone, ta ƙona ka. Daga nan ka yanke da reza ba tare da ka taɓa fenti ba, ka cusa bakin ciki, ka sake bin sa da zafi don kada ya tashi."

Sufeto ya karɓi magogi ya gwada. Wani ɗan ƙullutu ya fito a tsakiya.

"Ka bar iska, Kawu Sufeto," in ji Manaja. "Sake."

"To, Manaja." Ya sake. "Malam, in mutum bai goge da ruwan nan ba fa?"

"Ba za ta kama ba. Kuma mutane suna zaton leda ɓoye abu take yi. Ba ta ɓoyewa. Ko ƙwayar yashi ka bari a ƙasa, za ta fito kamar ƙurji. Shi ya sa ran Asabar da na gama gogewa na ce ko numfashi kada wanda ya yi kusa da bas ɗin."

A daidai nan Manaja ta sauko daga kujera ta koma bayan mahaifiyarta. Sufeto ya gani, ya yi kamar bai gani ba.

Ya juya wajen Kofur. "Dubi teburin nan. Magogi nawa ka gani?"

"Suna nan birjik, Yallaɓai."

"Kwalbar gogewa fa?"

"Ga ta cike."

"Wanda ya ɗauki leda da bindiga ya bar waɗannan, ya ga ana aikin ne daga nesa. Abin da ya fi girma da abin da ke ƙara su ya sani. Mai sana'a ba zai bar magoginsa ba." Ya sa hularsa. "Daga ina ake hango cikin shagon nan?"

Kofur ya leƙa waje. Tsallaken titi, daidai saitin ƙofar, garejin Mai Fenti ne.

Mai Fenti na zaune a kan taya yana shan shayi. Ƙato ne mai fara'a, rigarsa duk ɗigon launi.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai. Wannan abu bai yi daɗi ba. Maƙwabcina mutumin kirki ne, sai dai na sha gaya masa, mota ba biredi ba ce da za a naɗe ta a leda."

"An ce akwai makullin shagonsa a wurinka."

"Ya ɓace tun bara. Na so in gaya masa, na sha'afa."

"Jiya ka fito aiki?"

"Ina gida, ciwon baya."

"Ka iya aikin leda?"

Mai Fenti ya yi dariya har shayin ya zuba. "Ni? Tunda nake ban taɓa taɓa ta ba."

"Me ya sami babban yatsanka?"

Ya dubi filastar da ke yatsan. "Butar shayi ce."

"Allah ya sawwaƙe. Wancan ɗakin da ke kulle fa?"

"Ɗakin feshi ne. Da safen nan na fesa wa wata mota fenti, bai bushe ba. In aka buɗe ƙura ta shiga, aikin ya lalace."

Sufeto ya gode masa, suka fito. Da suka yi nisa kaɗan ya tambayi Kofur, "Ka ji warin fenti?"

Kofur ya ja hanci. "Warin shayi kawai na ji."

"Ni ma."

Suka zaga ta bayan layin. A can akwai tudun yashi da magina suka bari, yara suna ta ihu a kansa. Kowane yaro ya zauna a kan wata farar takarda yana sulalowa daga sama kamar an harbo shi. Sufeto ya tsaya yana kallo, har wani ya sulalo ya tsaya a kan takalminsa.

"Samari, ina kuka samo wannan mota mai gudu haka?"

"A kwandon sharar can," yaron ya nuna bayan garejin Mai Fenti. "Da yawa. Ka zo ka gwada."

"Bayana ba zai yarda ba. Kofur zai gwada wata rana. Ara mini guda."

Ya juya takardar. A gefenta akwai ɗan siririn koren abu da ya maƙale.

Da suka koma shago, matar Mai Leda ta karɓa ta duba. "Takardar bayan leda ce, irin tamu. Amma mu ba ma zubarwa. Ina tarawa ina zana awo a kai." Ta nuna wani kwali cike da su a ƙarƙashin teburi.

Sufeto ya tura Kofur ofis ya karɓo takardar izinin bincike. Shi kuma ya kife bokiti ya zauna kusa da Manaja, wadda ta rakuɓe a lungu da jakar makarantarta.

"Manaja, ina da matsala, ko za ki taimake ni? In na ga bas ɗin nan, wataƙila ta sauya launi, an cire lambarta, takardunta kuma sun tafi. Farar bas irin wannan ta cika gari. Kafin ofishin lasisi su duba mana lambar inji, an daɗe ana nuna Babanki da yatsa. Ina neman wata alama da ba kowa ya sani ba."

Manaja ta dubi ƙasa. "In mutum ya faɗi wani abu, za a kai shi ofis?"

"Ya danganta. Ya saci mota?"

"A'a."

"To, ba na jin za a kai shi."

Ta buɗe jaka a hankali ta fito da takardar sitika ta kifaye masu ƙyalli. Gurbi ɗaya babu kifi.

"Bas ɗin ta yi fari da yawa," ta ce. "Da Baba ya shiga wanke hannu sai na liƙa mata guda a ƙofar baya, kusa da fitila. Na ce zan cire kafin ya gani. Sai aka kulle shago." Idonta ya kawo ruwa. "Ya ce kada a taɓa."

Mai Leda, wanda ke tsaye yana ji, ya buɗe baki. Matarsa ta taka masa ƙafa, ya rufe.

"Kifin yana kallon dama ko hagu?" Sufeto ya tambaya.

"Hagu. Yana da babbar jela."

"Madalla. Yanzu na sami shaida."

Da Kofur ya dawo, suka tsallaka titi gaba ɗaya, har da Malama da jakarta. Mai Fenti ya karanta takardar izini sau biyu, ya yi ta laluben aljihu, daga bisani ya buɗe ɗakin.

Bas ce a ciki, koriya shar, ba lamba. Amma wace irin koriya. Jikinta duk ƙuraje, manya da ƙanana. Ledar ta tattare a wajen madubi, ta ƙone a bakin ƙofa, a kan rufi kuma ta ɗaga kamar kunnen akuya.

Sai Manaja ta ce, "Mama, motar nan ta yi ƙyanda."

Kofur ya juya baya yana danne dariya. Mai Leda kuwa ya kama kai. "Wayyo ledata. Ko sabulu ba a nuna mata ba."

"Wannan ba taku ba ce," Mai Fenti ya ce da sauri. "Ta wani ce, haka ya kawo ta in cire masa in yi fenti."

"Ɗazu ka ce fenti ka fesa," in ji Sufeto.

"Na ruɗe ne."

"Wane ne mai ita?"

"Baƙo ne. Ya yi tafiya."

"To, ba laifi. Manaja, zo ki gaishe da motar baƙo."

Yarinyar ta zaga baya ta tsuguna kusa da fitila. Ta bi ledar da tafin hannu, ta wuce ƙurji ɗaya, ta wuce na biyu, sai ta tsaya. A ƙarƙashin koren, ga shatin kifi ya fito raɗau, kansa na kallon hagu, da babbar jelarsa.

"Ga shi nan."

Sufeto ya duba bayan wani gwangwanin fenti ya zaro bindigar zafi. Ya miƙa wa Mai Leda. "Malam, nuna mana yadda ake cirewa."

Mai Leda ya jona ta, ya bi wurin da zafi kaɗan, ya kama bakin ledar ya ja. Ta taso ba gardama, don dama ba ta kama ba. Farin fenti ya bayyana, a tsakiyarsa ɗan kifi mai ƙyalli.

Malama ta matso ta gyara tabarau. Ta dubi kifin, ta dubi yarinyar. "Wannan ɗalibar ta sa wa littafinta suna," ta ce.

Mai Fenti ya zauna a kan gwangwani. Fara'ar nan duk ta tafi.

"Ni ne, Yallaɓai. Makullin bai ɓace ba." Ya sunkuyar da kai ya ci gaba. "Malama wurina ta fara zuwa. Na ce mota za ta yi sati biyu, ta ce bari ta gwada tsallake. Na zauna ina kallonsa yana wanke ta yana waƙa. Na ce in wannan ta fita da kyau, kowa can zai koma. Akwai wani da ke neman bas a wani gari. Fenti ba zai bushe da wuri ba, ga wari, sai na ce in yi da ledarsa. Daga garejina kamar wasa nake ganin abin. Ka shimfiɗa, ka hura, shi ke nan." Ya dubi yatsansa. "Yini guda na yi ina kokawa da ita."

"Ka san wa za a kama a madadinka?" in ji Sufeto.

Mai Fenti bai iya duban Mai Leda ba.

"Kai ka ɗauke ni zuwa asibiti a bayanka," Mai Leda ya ce a hankali. "Da ka ce in koya maka, wallahi da na koya maka."

Kofur ya fito da ankwa. Da suka zo wucewa, Manaja ta ce, "Kawu Mai Fenti, daga tsakiya ake farawa." Mutumin ya tsaya, ya gyaɗa kai. Aka sa shi a motar 'yan sanda aka tafi da shi.

Mutanen da suka yi ƙus-ƙus da safe su ne suka turo bas ɗin zuwa shagonta, kowa na cewa dama shi bai taɓa zargin Mai Leda ba. Malama ta karɓi makullin bas daga hannun Sufeto ta sa a tafin Mai Leda. "Ɗana, amanar tana nan inda na bar ta."

A makon nan aka yi aikin. Aka ɓare ƙyandar duka, aka wanke, aka goge har ƙarfe ya yi ƙara. Manaja da kanta ta cire kifinta, ta goge gurbinsa, Babanta ya ja yatsa a wurin ya ce ya yi. Kore ya kwanta a ƙasa, shuɗi a sama, yara suna karatu a tsakiya, ko ƙullutu ɗaya babu. Malama ta roƙi ƙari guda: a yanka mata babban kifi a ƙofar baya, yana kallon hagu. Wannan karon a saman leda aka liƙa shi, kuma Manaja ce ta riƙe magogi.

Ranar da bas ta fita, Sufeto ya biyo ta layin. Ya tarar da motoci biyu suna jira a bakin shuɗiyar ƙofa, Kofur kuma ya tsaya yana tambaya ko ana yi wa babur ɗin ɗan sanda ragi.

"Manaja," Sufeto ya ce, "Baba ya yi faɗa?"

"Ya yi kaɗan. Ya ce gobe in na ga mota ta yi fari da yawa, in zo in gaya masa."

Ta tsaya a bakin titi tana kallon kifin yana ƙanƙancewa har bas ta sha kwana. Ta gane cewa duk abin da aka rufe da leda yana nan a ƙasa da siffarsa, kuma da ta yi shiru a kan ɗan kifinta, da an tafi da Babanta.